Damina Uku Ko Salloli Biyar

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami, tun idona yana iya bin layi. Ku 'ya'yana da jikokina, kun taso kuna jin tsofaffin Auyo suna kirana Alhaji Ba-tsaraba, na kuma san wasunku sun sha dambe a kan wannan suna. An ce muku na je Makka na dawo hannu rabbana, ko dabino ɗaya ban miƙa wa maƙwabci ba. Gaskiya ne, ban miƙa ba. Amma ba rowa ba ce, kuma ba na so in mutu in bar ku da rabin labari. Sannan akwai maratayi biyu na icce a bangon ɗakin Inna, ɗakin da yanzu kuka cika da buhunan taki. Ɗaya ya yi baƙi, igiya ta ci wuyansa, ɗayan kuwa sumul yake. Sau uku ana so a cire su a yi wa bangon siminti ina hanawa, har ana cewa tsufa ya fara taɓa ni. Labarinsu ɗaya ne da na sunan.

Ina da shekara goma mahaifina, Malam Habu mai banda, ya kama hanyar gabas da ƙafa. A lokacin ba da mil ake auna nisan Makka ba, da damina ake aunawa. Mutum ya tashi bayan kaka, ya bi ta Yerwa, ya yi ta tafiya har ruwa ya sauko. Inda damina ta riske shi nan zai tsaya ya yi ƙodago a gonar wani, ko ya roƙi fili ya shuka, ya girbe, ya ɗaura guzuri ya ƙara gaba. Duk wanda ka tambaya a fadamar Haɗeja zai ce maka Makka damina uku ce zuwa, uku dawowa, in da sauran kwana. Kuma a gidajenmu na bakin fadama, in namiji ya tafi gabas ba a cinye rabonsa. Kowace kaka, damin farko da aka yanka a gonar shinkafa nasa ne. A ɗaure shi da igiyar kaba, a rataye a ɗakin matarsa ko na uwarsa, don ranar da ya dawo ya ci abincin gonarsa. In wata kakar ta zagayo bai dawo ba, sai a sauke tsohon a yi sadaka da shi, a rataye sabo. Igiyar kuwa ba a yar da ita, a kan maratayin ake barinta.

Inna, kakarku, 'yar ƙaramar mace ce mai kaifin baki, ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, "mai tafiya" take ce masa. Ni ma ba ta faɗar sunana don ni ne ɗan fari, sai Ɗanjuma. Da igiya ta kai bakwai, Baffa Dauda, ƙanen mahaifina, ya zo ya ce ta je gaban alƙali a raba auren, ta huta. Ta nuna masa bango ta ce shinkafar mutum na rataye, ita ba ta ga abin kai wa alƙali ba. Baffa ya ƙara zuwa da igiya ta kai goma, ta ba shi fura ya sha, ta raka shi har zaure. Daga nan bai sake tayar da maganar ba. Ni kuwa ba zan ɓoye muku ba, da haushin ubana na girma. Tun ina sha biyar nake tsaye a kan banda, hayaƙi na cin idona, ina ƙyafe kifi ina kaiwa Kano. Duk ranar da na ga sa'o'ina sun fita su da ubanninsu a kwalekwale, sai haushin ya ƙaru. Na tanadi maganganun da zan gaya masa in ya dawo, na yi ta wasa su shekara da shekaru.

A shekarar da igiya ta cika goma sha tara, da bazara, wani dattijo mutumin Miga ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Dawowarsa ke nan daga gabas, ƙafafunsa duk faso. Ya ce ya ga Malam Habu da idonsa a Makka, a unguwar da mutanenmu Takari suke zaune. Yana raye, amma ido ya kusa tafiya, ƙafa ma ta ƙi. Da yana ɗiban ruwa yana sayarwa, yanzu sai zama. Ya ba da saƙo a ce wa iyalinsa su yafe masa, shi kam ba shi da ƙafar damina uku. A wannan shekarar kuma Inna ta fara kumburin ƙafa, numfashi ya yi mata gajarta, ko bakin kogi ba ta iya kaiwa sai ta zauna sau biyu. Da baƙon ya tafi ta daɗe tana duban bango, sannan ta yi magana, ba ma da ni take ba.

"Ni ba mutuwar ce ke damuna ba. In tafi in bar wannan damin ba wanda ya ci, shi ne kawai."

Na je wurin Baffa na ce zan tafi in ɗauko shi. Ya lissafa mini a yatsu: uku zuwa, uku dawowa, kuma dawowar da makaho a hannu. Ya ce in duba ƙafar Inna in gaya masa ko ta yi kama da mai jiran damina shida. Gaskiyarsa ce. Na fita ina ta ƙunƙuni, na huce a kan wani yaron kwalekwale da bai yi mini komai ba.

Sati biyu bayan haka na kai banda Kano. Muna zaune da fatomana a Fagge, wato mai masaukin da ke sayar mini da kifi, sai jirgin sama ya wuce da rugugi, ya miƙa gabas. Fatoma ya ce ai yanzu har alhazai ake ɗauka a cikinsa, shi ya san wanda ya tafi bara, ya dawo matarsa ba ta gama jego ba. Na ce ya daina yi mini wasan yara, ni ba baƙauyen da yake zato ba ne. Ya rantse, ya kuma kai ni wurin ejan ɗin da ke shirya tafiyar. Na tarar da wani akawu siriri da tabarau, na gaishe shi, na tambaye shi da iyakar gaskiyata, jirgin nan damina nawa yake yi kafin ya kai. Akawu ya ajiye alƙalami ya yi dariya har da hawaye, ya kira na kusa da shi ya maimaita masa. Raina ya ɓaci, na miƙe zan fita. Sai ya riƙo hannun rigata.

"Yi haƙuri, malam. In ka tashi yau da hantsi, gobe war haka kana shirin sauka Jidda."

Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Na ce ya rubuta sunana. Ban bar Kano ba sai da aka ɗauki hotona, aka yi mini lamba da allura, aka fara rubuta fasfo.

Da na koma gida na faɗa, sai aka taru a kaina. Baffa ya ce akawun Nasara ya ga baƙauye ya sami na wasa. Ya ce shi ya ga jirgin yana wucewa, bai fi shirwa girma ba, ina zai zuba mutane. Ya ce ko da gaske ne ma, hajjin da ba a sha wuyarsa ba wane irin hajji ne. Na ce masa ni ba neman wuya zan je ba, ubana zan ɗauko, wuya kuma na sha rabona a gaban banda. Ya ce ba ni da kunya, na ce na ji. Uwarku Hauwa kuwa, tana da cikin babbanku a lokacin, da muka keɓe ta ce in na tabbata in tafi. Na sayar da shanuna biyu da suke wurin Fulani, na sayar da duk bandar da na tara, na sayar da babban kwalekwalen da mahaifina ya bari, wanda shi ne ƙafata da hannuna. Sai da na shekara biyar kafin in sake mallakar wani, ina shiga na mutane kamar baƙo a kogin da aka haife ni. Wannan ku riƙe shi, don ba a kyauta abin ya zo ba.

Abin da ya fi sayar da kwalekwale ciwo shi ne Inna. Na durƙusa gabanta na ce mata zan tafi yanzu da shuka ta fito, in dawo da shi kafin a sa lauje a shinkafa. Ta saurare ni har na gama.

"Na ji, Ɗanjuma. Shi ma haka ya ce, ba zai daɗe ba."

Washegari na ji ana buga wani abu a ɗakinta. Na leƙa, sai ga Baffa yana kafa maratayi na biyu a gefen na mahaifina, ita tana nuna masa daidai inda take so. Nawa ne. A ranta ta riga ta sallama, ta ba da miji ga hanyar nan, yanzu ga ɗa. Na fita bayan gida na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Sallama kuwa irin ta masu tafiyar ƙafa aka yi mini, don ita suka sani. Baffa ya sa na yi wasiyya gaban liman, na damƙa masa gona. Ya ce in ba Hauwa wa'adin da za ta jira ni kamar yadda ake yi, ta ce ita an ce mata kafin girbi, wa'adinta ke nan. Aka haɗa mini guzuri: gero, kuka, daddawa, barkono, tukunya, tabarma biyu. Baffa ya kawo fartanya sabuwa don noman hanya, ya haɗa da ƙugiyoyi da ɗan koma, wai ko na tsaya a bakin Chadi in kama kifi. Jaki biyu suka kai kayan tashar jirgin ƙasa da ke garin Malam Maduri. Ana gobe zan tashi, Inna ta sa aka ɗauke ta aka kai ta gaban banda da la'asar, ta zaɓi tarwaɗa huɗu da hannunta. Gidanmu da icen gabaruwa muke banda, in ya zama garwashi a barbaɗa buntun shinkafa a kai, shi ke ba kifin ja da ƙamshin da ba na kowa ba. Ta zauna tana tari tana juya su har suka yi, ta naɗe a tsumma mai tsabta. Ta ce in ci a hanya tun ba su yi ƙwari ba, don ba za su kai Yerwa ba.

Na yi mako guda a Kano ana jiran jirgi. Ranar tashi aka ɗora ni a sikeli kamar buhun gyaɗa, aka ɗora kayana. Ma'aikacin ya dubi fartanya, ya dube ni, ya tambaya ko a cikin jirgin zan yi noma. Mutane suka kwashe da dariya, ni ma wannan karon na taya su. Aka ce in zaɓi abin da zan iya riƙewa da ɗan ƙari. Na bar wa fatoma gero da tukunya da komai, na ɗauki harami da buta da tabarma ɗaya, ƙullin kifin Inna kuwa na cusa shi cikin riga.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji tsoro ba. Da injina suka tashi, jirgi ya ɗauki rawa, duk addu'ar da na iya sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Aka raba mana auduga mu toshe kunne da alewa mu tsotsa. Kusa da ni wani tsoho ne, Malam Bukar, mutumin Kirikasamma, wanda a ƙuruciyarsa ya taɓa kama hanyar ƙafa ya kai har ƙasar Wadai, can gaba da Chadi, ciwo ya dawo da shi. Ban gama tsotse alewata ba ya taɓo ni ya ce in leƙa. Na leƙa taga, sai ga kogi a ƙasa yana walƙiya, ya rarrabu ya bazu cikin kore, ga ruwan sabuwar cika yana shiga fadama. Kogin Haɗeja ne. Tafiyar da na yi ta kwana biyu, da jaki da jirgin ƙasa, ga ta an gama alewa tana bakina. Na yi ta neman rufin ɗakin Inna, ban gane shi ba, amma na san yana nan ƙarƙashin ƙafata. A nan tsoro ya sake ni, na ji wani irin daɗi har ina dariya ni kaɗai. Malam Bukar ya riƙa nuna mini ƙasa yana cewa wancan dajin wata guda ne, wancan yashin wata biyu, in rijiyoyi ba su ƙafe ba.

Na ƙudura zan ƙirga tafiyar da salla, don ita ce ma'aunin da ba wanda zai yi mini gardama a kai. Muka sauka wani fili mai yashi a ƙasar Sudan aka sha mai, muka yi azahar da la'asar a inuwar fiffike. Magariba da isha'i a Hartum, nan muka kwana. Muka yi asuba, muka tashi, muka haye Bahar Maliya. Ba a kira azahar ba ƙafata tana ƙasar Jidda. Salloli biyar cif. Na sake ƙirgawa a yatsu irin yadda Baffa ya ƙirga mini damina, suka tsaya a hannu ɗaya.

Neman mahaifina ya fi tafiyar daɗewa. Kwana shida ina yawo lungu-lungu a unguwar Takari ina tambayar Malam Habu Bahaɗeje. A rana ta shida wata tsohuwa mai sayar da waina ta nuna mini wata rumfar buhu a gefen dutse. Na tarar da wani tsoho ramamme a zaune, idanu fari fat, yana tufka igiya da lalube. Da tufkar na gane shi, irin murzawar gidanmu ce a kan cinya. Na yi sallama na durƙusa, na ce ni ne Ɗanjuma. Ya shafa fuskata, ya shafa gemuna. Duk maganganun nan da na wasa shekara goma sha tara, na neme su na rasa ko ɗaya.

Da muka natsu na ce Inna tana gaishe shi, ba ta da lafiya, na zo in tafi da shi. Ya girgiza kai. Ya ce in daina yi wa kaina alkawari, matar da na bari ba lafiya shekara uku da suka wuce, wa ya san ko tana raye. Shi kuma ko Sawakin da ke hayin Bahar Maliya ba zai kai ba zan binne shi. Na ce ba shekara uku ba ne, ta sama na zo, salloli biyar. Ya ce ya ji ana faɗar jiragen nan, amma na sarakuna ne da Turawa, ɗan mai banda ina shi ina su. Ya ce tun ina yaro na iya tsara zance in an aike ni na tsaya wasa. Zuciyata ta taso, na kusa ɗaga masa murya. Sai na tuna da abin da ke cikin rigata. Biyu suka rage. Na kwance tsumman na sa masa ɗaya a hannu.

Ya juya ta, ya kai hanci, ya daɗe. Ya karya ta a tsakiya ya saurari ƙarar, ya sa babban yatsa ya murza tsokar, ya shafa mai a bayan hannunsa, ya laluba cikin kan ko akwai garin ƙwari. Mutumin da ya yi shekara talatin a gaban banda ba a yi masa ƙarya da kifi.

"Tarwaɗar koginmu ce. Gabaruwa da buntu." Ya sake kai ta hanci. "Wannan ba ta kai kwana ashirin da sauka daga wuta ba."

"Sha takwas, Baba."

"Wa ya juya ta?"

"Ita da kanta."

Ya kifa fuskarsa a kan kifin nan ya yi ta kuka, ni ma ina yi. Da ya ɗago, abin da ya fara tambaya shi ne yaushe jirgin zai koma.

Tare muka yi aikin hajji, ina riƙe da hannunsa, inda cunkoso ya yi yawa in goya shi. A Mina Allah ya yi wa Malam Bukar rasuwa, muka yi masa sutura, Allah ya jiƙansa. Kujerarsa ce ta zama ta mahaifina. Sai da na yi kwanaki ina safa da marwa tsakanin ejan da ofishin da ke ba da takardar tafiya, don shi ko guntun takarda ba shi da ita. Ɗan abin da na ƙulle a lalita don tsaraba, na tasbaha da dabino da zoben Hauwa, duk a nan ya tafi. Abokan tafiyata suna ta ɗaure akwatuna, ni kayana tabarma ce da tsoho.

A dawowa ya zauna ta wajen taga, ko da yake ba gani yake ba, yana ta tambayata ina muke. Na ce ga ruwa a ƙasa, ya ce kwana tara ya yi a kansa cikin jirgin Larabawa. Na ce ga gonaki masu layi-layi a bakin wani babban kogi, ya ce damina biyu ya yi a nan yana tsinkar auduga. Na ce ga duwatsu da yashi, ya ce a nan ya binne abokin tafiyarsa, in bari ya yi masa addu'a. Kafin ya shafa mun wuce wurin. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yi a hankali mana," kamar ni ke tuƙin.

Ba wanda ya san muna tafe, don ba labarin da zai riga mu isowa. Daga Malam Maduri muka sami mota zuwa Haɗeja, daga nan kuwa ruwa ya cika ya shafe hanya, sai kwalekwale. Wanda ya ɗauke mu shi ne mutumin da ya sayi nawa, a cikinsa ma muka shiga. Mahaifina ya shafa gefensa ya gane shi, ya tambaya me ya sa wani ke riƙe da gora, na ce labari ne mai tsawo. Shinkafa ta yi kore shar a kan ruwa, ko kai ba ta fara fitarwa ba. Muna dosar mashigar garinmu da hantsi na hango Baffa tsaye cikin ruwa iya gwiwa yana duba gonar da na damƙa masa. Ya sa hannu a goshi ya dube ni, ya fara dariya tun daga nesa, yana kiran mutanen da ke bakin ruwa su zo su ga Alhajin Kano. Ya ce ai ya faɗa, jirgin ya ƙi ɗaukata, na gama cinye shanu a Fagge na dawo.

"To Alhaji, in Makkan ka je, ina tsaraba?"

Na ce ga ta nan a bayana, ya zo ya taya ni saukewa. Mahaifina ya yaye rawanin da ya rufe fuska saboda rana, ya juya wajen muryar.

"Dauda, har yanzu bakinka bai mutu ba?"

Baffa ya zauna daɓas cikin ruwa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma ban ji kunyar jin daɗin ba. Kafin mu taka tudu gari ya ɗauka, mata na guɗa, maza na ture juna wajen riƙe hannun Malam Habu. Ni kuwa tambaya ɗaya ce a bakina, na rasa wanda zai tsaya ya amsa mini, sai da na hango Hauwa a ƙofar gida da cikinta. Ta gane abin da nake tambaya, ta gyaɗa kai ta nuna ɗaki.

Inna tana kwance, ta rame sosai, ƙafafun sun ƙara hawa. Ta ji hayaniyar, ta sa an tayar da ita zaune, ta ja mayafi. Na shigo da shi har gaban gadonta na zaunar. Ta dube shi tun daga kai har ƙafa, ta daɗe tana dubansa.

"Sannu da zuwa. Ka daɗe."

Ya ce ta yafe masa. Ba ta amsa wannan ba, sai ta ce da Hauwa ta sauko da damin. Ya tambaya wane dami, na kama hannunsa na ɗora a kan maratayin. Ya bi igiyoyin nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, bakinsa yana motsi, har ya kai ƙarshe, sannan ya rufe fuska da hannun riga. Aka sussuke shinkafar a tsakar gida, Inna ta ce sai ta riƙe taɓarya ko sau uku ne, aka riƙe ta ta buga. Aka yi tuwo, aka yi miya da tarwaɗar ƙarshe, wadda ta je Makka ta dawo. Ta sa aka ajiye akushin a ɗakinta, ta zauna tana kallonsa yana ci har ya suɗe hannu. Sai a lokacin ta ce ta yafe.

Da la'asar Baffa ya shigo da guduma, kansa a ƙasa, ya ce bari ya cire maratayin da ya kafa mini tunda ba a yi amfani da shi ba. Inna ta ce ya bar mata abinta. Ta miƙa hannu ta shafa shi, ta ce a duk ɗakin nan ba abin da take son kallo kamarsa.

Damina biyu suka ƙara yi tare, ita tana yi masa ido, shi yana yi mata hira, suna faɗa a kan ko gishiri ya ji a miya. Ita ta riga shi rasuwa da wata huɗu. Sunan Ba-tsaraba kuwa Baffa ne ya laƙa mini, yana faɗa yana dariya, kuma har ya mutu in ya kira ni da shi amsawa nake. Ku ma in an faɗa a gabanku ku daina dambe. In kun tashi yi wa ɗakin siminti, ku yi, amma ku zagaye maratayan nan biyu. Baƙin na kakanku ne. Sumul ɗin nawa ne, igiya ba ta taɓa hawa kansa ba.